Abin da taron kwana uku ya bar mana a Maraɗi

Sana'ata sayen aya. Ina bin kasuwannin Cadawa da Agye da Gazawa, in tara buhuna, in sayar wa masu kai ta Najeriya ko masu tura ta Sifen, inda ake yin abin sha da ita. Ban taɓa shirya taro ba sai a 2022, da dattawan kasuwarmu suka ce a gayyato abokan hulɗa na Katsina da Kano mu zauna kwana uku. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya tsinka zumunci da yawa. Wanda kuka saba da shi ya koma saye a wani wuri, wani ma lambarsa ta daina shiga. Aka sa ni a kwamitin masauki da abinci, don ƙafata ta san gari.

Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk dalar da ta fita daga hannuna, kuma a cikinsa na fara ganin inda kuɗin taro ke zuwa. Hajiyar da muka ba aikin girki ta dube ni ta ce, "Ɗana, faɗa mini gaskiyar yawan bakin da zan ciyar, kada ka sa in ji kunya." Da na faɗa mata, sai ta kira matan unguwarsu shida su taya ta. Raguna daga kasuwar dabbobi aka jawo su, tumatir da albasa daga masu lambun Gulbi, ƙanƙara da ruwan leda daga wani yaro mai kura. 'Yan kabu-kabu suka yi sansani a ƙofar zauren tun safe. Mai shayin da ke tsallaken titi ya ce mini a kwana ukun nan bai rufe tebur kafin ƙarfe ɗaya na dare ba. 'Yan canji kuwa ba a magana, don kowane baƙo da nairarsa ya zo, sefa yake nema.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. In na tura buhun aya ƙetare, sai na biya mota, na bi layin duwan a Ɗan Isa, kafin kuɗin waje ya shigo aljihuna. Baƙon taro kuwa da ƙafarsa yake kawo kuɗin. Ya kwana a otal ɗinmu, ya ci tuwonmu, ya sayi kilishi da turmin atamfa na tsaraba, gwamnati ta ɗauki harajinta a kan ɗakin da ya kwana. Kaya ne muka sayar wa waje ba tare da mun ɗora ko buhu ɗaya a mota ba.

Amma mun yi kurakurai, kuma na farko da hannuna a ciki. Jakunkunan da muka raba wa mahalarta na roba ne, 'yan waje, don sun fi araha. Ranar farko wani Alhaji daga Kano ya juya tasa a hannu, ya ce mini, "Malam, a garin jar akuya kuke ba mu wannan?" Kunya ta kama ni har ƙasa. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya, dukawanmu na zaune suna jiran aiki, mu kuma muka kwashi kuɗin muka miƙa wa masana'antar wata ƙasa. Da jakar fata muka ba shi, da ya shiga da ita kasuwar Kwari ana tambayarsa inda ya samo.

Na biyu, jawabai. Rabin ranar farko ta tafi a gaishe-gaishen manyan baƙi, wasu jawaban ma da Faransanci, alhali duk wanda ke zauren Hausa ce a bakinsa, kuma mutanen Kano ba su tsinci komai ba. Cinikin gaskiya a gindin bedi aka yi shi, bayan sallar azahar. A nan na kwance ƙullin ayata, wani mai saye ya ɗebi kaɗan ya tauna, ya murza sauran a tafin hannu yana duba tsakuwa. Ya ce in zan riƙa tankaɗe ta in wanke in shanya da kyau, zai ƙara mini a kan farashin kasuwa. Shekaru ina wannan sana'a ban ji wannan magana daga bakin mai saye ba, don kullum dillali ne a tsakaninmu. Washegari muka roƙi dattawa aka rage jawabai, aka jera tebura, masu aya gefe, masu wake gefe, masu fata gefe.

Tun daga nan na canza yadda nake kallon abin da aka yi a Yamai a Yuli 2019, lokacin taron Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar. An gyara filin jirgin Diori Hamani, an gina manyan otal irin su Radisson Blu, daga baya aka buɗe zauren taro na Mahatma Gandhi da Indiya ta taimaka aka gina. A lokacin ina cikin masu cewa ɓarnar kuɗi ce. Yanzu na san gini irin wannan kamar rumfar kasuwa yake, ranar da aka cika shi yana ciyar da mutane, ranar da ya zauna fanko ci yake yi. Abin da ke damuna shi ne komai a tattara shi a Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, alhali Maraɗi ake kira cibiyar kasuwancin Nijar, kuma layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano nan ya nufo.

Mutumin nan na gindin bedi ya karɓi kayana sau da dama kafin Yuli 2023, lokacin da aka yi juyin mulki a Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufewa. Wannan karon igiyar ba ta tsinke ba. Mun ci abinci a kwano ɗaya, ya san ƙofar gidana, don haka duk Juma'a sai ya bugo ya tambayi iyali. Da aka buɗe hanya a Maris 2024, shi ne ya fara aiko mini da kuɗin kaya tun kafin in ɗaure buhu.

Dattawa sun fara maganar sake zama, kuma sun ce ni zan riƙe masauki. Na riga na je wurin wani tsohon baduku da samfurin jakar da nake so. Ya auna ta da tafin hannunsa, ya ce, "Yaro, in da gaske kake, ka ba ni wata biyu da kuɗin fata." Na biya rabi.