Godiya Ga Duk Wanda Ya Sa Hannu A Zaman Koyon Duba Mota

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah da ya nufe mu da kammala zaman kwana biyu na koya wa masu mota yadda za su riƙa duba motocinsu a gida, mu makanikai da direbobin da muka haɗa zaman muna miƙa godiyarmu ga jama'ar unguwa baki ɗaya. Yaba kyauta tukuici. Babanmu Mai Unguwa ne ya fara sa mana albarka, Malam Liman ya yi mana sanarwa a masallaci, Alhajin da ya ba mu filinsa da rumfa ya ƙi karɓar ko sisi, iyayenmu mata kuma suka yi ta aiko da zoɓo da kunun aya har rana ta faɗi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Mutane da yawa sun roƙi a rubuta musu abin da aka koyar, shi ya sa muka haɗa godiyar da darasin, kowane malami da nasa.

Za mu fara da dattijon rewayan, wato mai gyaran wutar mota, da ya buɗe zaman, domin ya raba gardamar da ta fi cin kuɗin mutane a banza: mota ta ƙi tashi da safe, sai a ruga sayen batir. A fara sauraren motar tukuna. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun gaban direba suna dusashewa, wuta ce ba ta isa ba. Idan ƙas ɗaya aka ji mai ƙarfi alhali fitilu na nan garau, zargi ya koma kan kik, na'urar da ke juya inji ya tashi. Idan kuwa inji yana juyawa lafiya amma bai kama ba, batir ba shi da laifi, a nemi mai ko tartsatsin fulogi. Rashin isar wutar ma sau da yawa daga kan batir yake, inda wannan farin gari ko koren tsatsa ke taruwa. Sifana mai lamba 10 ce ke kwance shi a yawancin motoci. A fara cire mai alamar ragi, a ƙare da mai alamar ƙari. Wajen mayarwa a juya, na ragi ne ƙarshe. Dalili: jikin mota duka a haɗe yake da na ragi, in sifana ta taɓa na ƙari da jikin mota a tare, tartsatsi ne da ƙuna. Cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa wanke shi. A ɗaure har ya zama hannu ba ya iya juya shi.

Ya kuma nuna aiki da ƙaramar mitar awon wuta, wadda kuɗinta bai kai kusa da na batir ba. Batir mai lafiya, mota a kashe ta huta, yana nuna bolt 12.6. A 12.2 rabin cajinsa ya tafi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Lokacin da ake murɗa makulli kada ya faɗo ƙasa da 9.6. Da inji ya tashi ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ya tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma sabon batirin da aka saya zai mutu kamar yadda tsohon ya mutu. Wajen jona wuta daga wata mota: jar waya kan na ƙari na mataccen batir, ɗaya bakin kan na ƙari na mai rai, baƙar waya kan na ragi na mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a maƙala shi a ƙarfen inji nesa da batir, saboda batir yana fitar da iska mai kama wuta. Fiyus in ya ƙone a sa mai lambarsa: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Masu naɗa masa waya su sani cewa fiyus don ya ƙone aka yi shi. In an hana shi, wayar mota ce za ta ƙone a madadinsa.

Inda aka fi daɗewa shi ne ɗaukar zafi, kuma a nan muna godiya ta musamman ga abokan sana'armu da suka jure aka taɓa al'adarsu a bainar jama'a ba su yi fushi ba. Kowa ya san abin da ake yi wa tokumbo da ta sauka: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce na ƙasar sanyi ne. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har inji ya kai zafin aikinsa, a yawancin Toyota takan fara buɗewa a wajen digiri 82, kuma lambar a rubuce take a jikinta. Da ta buɗe ba ta tare komai, ko da a zafin watan Afrilu ne. In aka cire ta, da safiyar hunturu inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara mai tana zaton har yanzu sanyi ne, fulogi su yi baƙi, shan mai ya ƙaru. A injuna da yawa ma ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, saboda haka in babu ita wani kaso na ruwan ba ya biyawa ta lagireto sam. Gaskiyar da masu cirewa suke da ita ɗaya ce: tamostat tana iya maƙalewa a rufe ta dafa inji. Maganin wannan gwaji ne. A sa ta a tukunyar ruwa a kan wuta. In ruwa ya kusa tafasa ba ta buɗe ba, a sayi sabuwa.

Abin da ke jawo zafin sau da yawa ƙanana ne. Murfin lagireto yana riƙe matsi na 0.9 ko 1.1 a ma'aunin bar, wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100 sai ya doshi 120. Robarsa in ta tsage, ruwa zai riƙa ƙafewa ba a ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma yana barin daskararren datti a cikin siraran bututun lagireto irin wanda ake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa da ke cin famfon ruwa. A yi amfani da ruwan lagireto na kanti, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa zalla irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Sai ƙura da ƙwari da ke toshe fuskar lagireto: a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Don gwada fanka, a kunna na'urar sanyaya mota. A yawancin motoci fanka za ta tashi nan take, in ba ta tashi ba a duba fiyus da rile kafin a zargi ita kanta fankar.

In allurar zafin inji ta haura a kan hanya, a sauka gefe a kashe inji. Kada a buɗe murfi sai an yi aƙalla minti 30, kuma da tsumma a hannu, a hankali. Kada a sheƙa ruwan sanyi a inji mai zafi, kan silinda na alminiyom ne a motocin yanzu, yana iya lanƙwashewa ko tsagewa. Alamun gaskit ya ƙone uku ne da kowa zai iya gani: kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. Wannan ya wuce aikin gida.

Muna godiya ga matashin da ya zo da na'urar karanta kwamfutar mota ya duba wa kowa kyauta. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Abin da ya fi nanatawa shi ne lamba tana nuna inda za a duba ne, ba abin da za a saya ba. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana mis, wato ba ta ƙona mai daidai. Kafin a sayi komai, a musanya koyil ɗinta, abin da ke ba fulogi wuta, da na ta biyu, a goge lambar, a sake tayarwa: in ta koma P0302 koyil ne, in ta tsaya inda take a duba fulogi ko injekta. P0171 na cewa iska ta fi mai yawa, kuma sau da yawa tsagaggen tiyon iska ne ko datti a kan na'urar awon iska. Fitilar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, in tana kunne tsaye ana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa yana ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke ciki, a tsaya. Liƙe ta da baƙin salatif ko cire ƙwanta, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Kan baƙin mai ba a daɗe ba. A duba a wuri mai daidai, minti biyar bayan kashe inji, a goge sandar awo a sake tsomawa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce, kuma wuce alamar sama illa ce, yana kumfa ya fasa sil. Injin Corolla mai 1.8 yana ɗaukar wajen lita huɗu har da filta. Da ƙurarmu da cunkosonmu, juye a kilomita 5,000 ya fi kwanciyar hankali, kuma a bi kaurin man da aka rubuta a murfin inji ko littafin mota. Zuba 20W-50 a injin da aka ƙera don 5W-30 yana jinkirta isar mai sama da safe. Jar fitila mai siffar buta in ta kama ana tafiya, a kashe nan take, minti kaɗan ke tsakaninta da bugawar inji. Filtar iska kuwa a hunturu a fito da ita duk mako biyu a kakkaɓe, in an ɗaga ta ga rana haske bai ratsa ba ta gama aiki.

Wani direban doguwar hanya ya tunatar da abin da mutane suka ƙara faɗawa ciki tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023: yawo da fitilar mai a kunne. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Lita biyu-biyu kullum tana sa ya yi zafi, ya kuma riƙa zuƙo dattin gindin tanki. Duk wanda ya iya, kada ya bari ya sauka ƙasa da kwata. In mota ta ƙi kamawa, a buɗe makulli ba tare da an tayar ba a kasa kunne wajen kujerar baya: famfo mai rai yana ɗan gurnani na daƙiƙa biyu. Mun gode masa, ya faɗi gaskiya ko da aljihu bai so ba.

Mai facin bakin titi shi ma ya cancanci yabo, don ya faɗi abin da 'yan sana'arsa ba su cika faɗa ba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce; iskar da motarka ke so tana kan takardar da aka liƙa a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 33 ga ƙananan motoci, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Ɗura mata 50 yana cinye tsakiyarta, yana rage kamun birki. Shekarunta kuma suna cikin lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Zanen taya na iya zama sabo fil alhali robar ta bushe ta fara tsattsagewa a gefe, kuma kwalta mai zafi ba ta yi wa irin wannan uzuri. Araha ba ta ado. A tuna da safaya ma, ita ce ake mantawa sai ranar da aka neme ta.

Birki mun taƙaita shi da gangan. Mai mota ya duba man birki a kwalbarsa, ya sa DOT 3 ko DOT 4 kamar yadda murfin ya ce, ya canza shi duk shekara biyu saboda yana shan danshi. In ya ragu a hankali, takalman birki ne suka cinye, ƙasa da milimita 3 a canza. In ya ragu da sauri, yoyo ne, motar kada ta motsa. Ruwan sabulu a madadin man birki ganganci ne da ran mutane. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a bar inji yana aiki a rufaffen gareji.

Godiya ga 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa da suka ara mana tsofaffin kaya aka yi nuni da su, da 'yan'uwanmu mata masu tuƙi da suka zo suka fi kowa tambaya, da yaran garejinmu da suka yi ɗauke-ɗauke tun asuba. Wanda muka manta bai ji sunan aikinsa ba ya yafe mana.

An tsinci sifana mai lamba 12, da tabarau, da makullin gida guda biyu a zobe ɗaya a ƙarƙashin rumfa. Suna wurin Mai Unguwa, mai su ya je ya faɗi alama ya karɓa. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya bar zumunci.