Rumbun Ikilisiya da Yunwar Watan Agusta

A ƙauyukan kudancin jihar Kano, tun daga Rano da Kibiya har Sumaila, Tudun Wada da Doguwa, akwai Hausawa Kiristoci waɗanda yawancinsu jikokin Maguzawa ne, kuma kusan dukkansu da noma suka dogara. Majami'unsu ƙanana ne, wasu na jar ƙasa da rufin kwano, baikon da ake tarawa ranar Lahadi kuwa sau da yawa ba ya kaiwa kuɗin buhun taki ɗaya. Idan mutumin birni ya ji an ce ikilisiya tana taimakon marasa galihu, abin da yakan zo masa a rai shi ne mota cike da kayan gwanjo da buhunan shinkafa, an taho da ita daga nesa ana gab da Kirsimeti. Irin wannan yakan faru jefi-jefi, kuma muna godiya. Amma taimakon da na ga yana riƙe gidaje a ikilisiyarmu ba daga nesa yake zuwa ba, daga rumbun da ke bayan majami'a yake fitowa, kuma amfaninsa ya rataya ne a kan watan da aka buɗe shi.

Aikin jinƙai ba baƙon abu ba ne a tarihin ikilisiyoyin wannan yanki. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda ya faro a 1893, ta hanyar magani ya fi samun shiga ƙasar Kano: ya karɓi kula da masu cutar kuturta a ƙarshen shekarun 1930, inda asibitin kutare na Yadakunya da ke kusa da Kano ya shahara, sannan ya buɗe asibitin ido a cikin Kano a 1943, wanda har yau mutane ke zuwa daga jihohi masu nisa. A 1954 ikilisiyoyin da wannan mishan ya kafa suka tsaya da ƙafafunsu da sunan ECWA. Sai dai waɗancan manyan ayyuka da kuɗin waje aka gina su, alhali abin da nake magana a kansa talakawa ne suke haɗa shi da guminsu domin waɗanda suka fi su talauci.

Ana cika rumbun ne da kaka. Bayan an girbe gero da masara, dawa kuma ta shigo gida wajen Nuwamba ko Disamba, ikilisiya takan sa ranar bikin godiya, kowane magidanci ya kawo abin da ya ware daga amfanin gonarsa. Wani ya kawo dami, wani rabin buhu, wata tsohuwa ta zo da kwanon wake ko gyaɗa daga gayaunarta. Maƙwabtanmu Musulmi ma a wannan lokaci suke fitar da zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, don haka babu wanda abin yake zame wa baƙo a garin. Daga abin da aka tara akan cire rabon mai hidima, wato faston da albashinsa bai taka kara ya karya ba, sauran kuma a zuba a rumbu a liƙe. Akwai kuma ƙaramar gona ta ikilisiya da matasa ke nomawa ta hanyar gayya, amfaninta duka can yake tafiya.

Gardamar da aka fi yi a majalisar dattawa ita ce yaushe za a buɗe. Kullum akwai masu son a raba a makon Kirsimeti domin kowa ya yi biki cikin walwala, kuma ba na ganin laifinsu, sai dai a watan Disamba ko gidan da ya fi kowa rashi yana da ɗan abin da ya girba. Yunwar karkara tana da lokacinta. Takan fara leƙowa ne idan damina ta kankama, ta tsananta a Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi a kasuwa kuma ya kai maƙura domin 'yan kasuwar da suka saya da arha da kaka suka adana yanzu ne suke fitarwa. Abin da ya sa wannan yunwa ta fi ta kowane lokaci illa shi ne tana faɗowa daidai lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. Magidancin da ba shi da abin da za a ɗora a tukunya dole ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a gonar mai hali domin ya samo tiyar masara ta ranar, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. Kafin ya dawo kan tasa, noman fari ya wuce lokaci, maimai ma bai samu yi ba, da kaka sai ya girbi abin da bai kai na bara ba. Idan kuma ya ci bashin hatsi a wurin mai ba da buhu ɗaya a biya shi da ƙari mai nauyi, to wani kaso na abin da ke gonar ya riga ya zama na wani tun kafin a yanke shi. Haka gida yake gangarawa shekara bayan shekara har a kai ga jinginar da gonar kanta. Tiya goma ta dawa da aka ba mutum a tsakiyar damina tana saya masa kwanakin da zai tsaya a gonarsa, kuma a ganina wannan ya fi buhu guda da za a ba shi a lokacin da kowa ke cikin wadata.

Dattawa ne ke riƙe da makullin rumbu, amma ba su ne suka san inda yunwa take ba. Wannan sani yana hannun Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya. Su ne ke shiga gidaje barka da jaje, su ne ke lura da gidan da aka kwana biyu ba a ji ƙarar turmi ba, da yarinyar da aka aika maƙwabta aron garin tuwo har sau uku a mako, da matar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe a kasuwa ba tare da wani biki a gabanta ba. Namiji Bahaushe zai iya zama kusa da kai a majami'a cikin wankakkiyar riga, ya amsa gaisuwa da “lafiya lau”, alhali tun jiya iyalinsa rama da zogale suke ci ba ƙuli-ƙuli. Saboda haka jerin sunayen da ake aiki da shi daga wurin shugabannin mata yake fitowa, kuma akan fara da matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu, sai tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani ba aike, sai makafi da guragu, sai gidan da doguwar jinya ta cinye.

Yadda ake bayarwa ma yana da nasa muhimmanci. Ba a kiran suna daga kan bagade, ba a sa mutum ya bi layi a gaban jama'a. Bayan magariba mata biyu sukan ɗauki ƙwarya a rufe su shiga gidan kamar masu zuwa hira, su ajiye a bakin ɗaki su ce, “Inna, ga wannan a dama wa yara kunu.” A nan ne nake da ja da wasu ƙungiyoyin birni da ke zuwa rabon kaya, su jera tsofaffi a rana kowa da ledarsa a hannu, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Na san masu ba da kuɗin suna bukatar shaida, amma wadda aka ɗauki hotonta a garin za ta ci gaba da zama, jikokinta kuma suna da waya.

An daɗe ana muhawara a kan ko kyauta za a riƙa bayarwa ko rance. Matsayar da aka cimma ita ce a raba biyu. Wanda ba shi da ƙarfin noma, kamar tsoho ko maras lafiya, nasa kyauta ne ba a waiwayarsa. Magidanci mai ƙarfi wanda shekara ce kawai ta juya masa baya, akan auna masa ya mayar da kaka daidai abin da ya karɓa, ba ƙarin ko cikin cokali. Da farko na ɗauka masu karɓa za su fi son kyautar, amma da yawa daga cikin maza rancen suke zaɓa, domin mai rance yana iya ɗaga kai a taron gari. Tabbas akwai waɗanda ba sa mayarwa, wasu don damina ta sake cin amanarsu, wasu kuwa don sun raina abin ikilisiya ne kawai, kuma har yanzu dattawa ba su da wata dabara a kan na biyun in ban da nasiha.

Tambayar da baƙi suka fi yi mini ita ce ko sai Kirista ake ba. Gaskiyar magana, 'yan ikilisiya ne ke fara samu, domin su suka tara, kuma wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa ta ce a yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi. Amma a ƙauye irin namu dangi a gauraye suke: a gida ɗaya za ka sami wa Musulmi, ƙane Kirista, kakarsu kuma har ta rasu ba ta bar al'adar iyayenta ba. Ba zai yiwu a auna wa mace hatsi a hana kishiyar uwarta da ke ɗaki na gaba ba. Ka'idar da aka tsaya a kanta ita ce ba a haɗa hatsi da wa'azi, ba a gindaya wa kowa sharaɗin zuwa sujada, kuma idan taimakon zai shiga gidan da ba na Kirista ba, akan sanar da mai unguwa tukuna domin kada wani ya fassara shi da sayen mutane da abinci. Wannan zargi yana da saurin tashi a ƙasar Kano, kuma rigakafinsa ya fi maganinsa sauƙi. Mu ma, in za a faɗi gaskiya, gidajenmu da dama sun sha cin zakkar maƙwabta da naman layya.

Akwai sauran ayyuka ƙanana. Mata suna da adashi, suna kuma ba marainiya ko matar mamaci akuya ta kiwata, idan ta haihu ta riƙe 'ya'yan ta miƙa uwar ga wata. Akan biya wa maraya kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO idan asusu ya iya, akan kuma haɗa kuɗin mota a raka tsohon da yanar ido ta hana shi gani zuwa asibiti a Kano.

Abokan gaban rumbu biyu ne, ƙwari da zargi. Wake musamman ba ya jure ajiya, shi ya sa aka koma zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da an zuba guba ba. Zargi kuwa ya fi ƙwaro wuyar magani. Ko a Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, gunagunin farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abincin matan da suka rasa mazansu ne, har sai da aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan aikin. Don haka ba a buɗe rumbunmu sai mutum uku suna tsaye, ɗaya daga cikinsu mace, magatakarda yana rubuta kowace tiya da ta shiga ko ta fita, a ƙarshen shekara kuma a karanta jimillar a gaban jama'a ba tare da sunayen waɗanda suka karɓa ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin taki da na sufuri suka yi tashin gwauron zabo, masu kawo dami biyu da yawa sun koma kawo ɗaya, masu bukata kuma sun ƙaru, har da waɗanda a da su ne ke bayarwa. Akwai kuma matsalar da hatsi ba ya warwarewa, wato gonar mamaci. Sau da yawa idan magidanci ya rasu ya bar yara ƙanana, 'yan'uwansa sukan karɓe gonar da sunan riƙo, matar ta koma cin abin hannun mutane alhali mijinta ya bar ƙasar da za ta ciyar da 'ya'yansa. A irin wannan hali fasto da dattawa biyu sukan je su zauna da dangin, in abin ya faskara a kai gaban dagaci, kuma a bana irin wannan zama ya fi cin lokacin majalisar dattawa fiye da rabon hatsin kansa.