Ribas a ƙofar Islamiyya

Laraba, bayan isha'i.

Yau ni na je ɗauko yara daga Islamiyya, da yake Abbansu yana Kantin Kwari sai magariba. Na isa saura minti 20 a tashe su. Gurbi ɗaya ne ya rage a filin, tsakanin wata Sienna da adaidaita sahu.

Da can da gaba nake cusa motar in huta. Yaya ne ya raba ni da wannan ɗabi'a lokacin da yake koya mini tuƙi. Ya ce ribas dole sai an yi shi, ko wajen shiga ko wajen fita, to gara a yi shi tun wuri yana shiru. Da zarar an tashi yara suka watso, wa zai iya ja da baya a cikin wannan turmutsutsu?

Na ɗan wuce gurbin, na kunna sigina, na sauke gilashi, na kashe rediyo. Ban taɓa totur ba, kuloci kawai nake saki a hankali, ƙafar dama tana kan birki. Madubin gefe yakan nuna abu da nisa alhali yana kusa, shi ya sa nake haɗawa da waige. Baba mai gadi ya taso yana cewa, "Taho, Hajiya, taho. Karya ta dama. Yawwa, miƙe."

Sai ji na yi ya daki but da tafin hannu. Na danne birki har motar ta mutu.

Da na fito, wani yaro na gani, bai wuce shekara 3 ba, ya tsuguna dab da bamba yana ɗaukar silifas ɗinsa. Tsakaninsa da taya bai kai taku biyu ba. Madubi uku gare ni, babu wanda ya nuna mini shi, don ko a tsaye yake kansa bai kai tsayin but ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Uwarsa ta zo a guje ta sungume shi, tana ba ni haƙuri ina ba ta.

"Allah ya tsare, 'yata," in ji Baba. "Zauna ki sha ruwa tukuna."

Sai da hannuna ya daina rawa na ƙarasa gyara fakin. Da aka tashi yara, da gaba na fita, ina ganin kowa a gabana.

Na faɗa wa Abbansu ɗazu. Ya yi shiru, sannan ya ce ranar Asabar zai leƙa Ƙofar Ruwa ya nemo kyamarar ribas. Gobe ba karatu, amma zan biya in kai wa Baba goro.