Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar Bushiya

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na fita takaba aka zauna rabon gado, to masu tambayar shanu nawa na tashi da su ku saurara. Tumuni ne ni da abokiyar zamana muka raba, abin da ya faɗo min bai wuce tsohuwar saniya ɗaya ba, sai karsanar sadakina da ta hayayyafa tun ina amarya, su kam ba gado ba ne duk da Yaya Babba, yayan marigayi mijina, ya so ya cusa su ciki. Na marayu ya ce shi zai riƙe. Ranar ne a zaure gaban malamai ya ce wai mace ba ta riƙe garke, shanun mace na mahauta ne. Ban tanka ba, yayan miji uba ne, amma wlh maganar nan ta zauna min a ƙirji.

Dagaci Allah ya jiƙansa shi ya yanka min wata saura a bayan rafi, hanyar dajin Falgore, wurin da kowa ya ƙi saboda nisa da tsando. Ni da ɗan farina muka sare ta, muka kafa bukka biyu da shingen ƙaya, na kakkafa turaku. Daminar farko yayyo ya hana mu barci, in dare ya yi ina tashi in hura hayaƙin ɗanyen ganye a garke don ƙuda, da asuba in yi tatsa, in kaɗa mai, in kai nono gari in sayo dusa da kanwa. Gwaggo in ta zo sai ta zauna ta yi ta kuka wai na zama Bafillatanar dole, in dawo gida a yi min aure. Auren ma an yi daga baya, ba labarinsa nake ba yau.

Sai 1983 ta zo. 'Yan yanzu ba ku san bushiya ba, annobar shanu ce, jikana da ke karatun dabbobi ya ce tun 2011 aka sanar an gama da ita a duniya baki ɗaya, na ce Alhamdulillahi, da ka gan ta da ba ka ci abinci ba ranar. Saniya za ta fara zazzaɓi ta ƙi kiwo, ido na hawaye, miyau na dalala, ka buɗe bakin ka ga duk gyambo, sai zawo mai wari ya biyo, kwana kaɗan ta kwanta shikenan. Ungulu har sun gaji. Nama ya yi arha ba mai saye.

Da aka yi shela masu allura sun iso da rigakafi daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a cikin ƙanƙara, ni dai na kora 'yan bunajina da sanda na shiga layi cikin maza, ana ta kallona ana dariya ƙasa-ƙasa, aka yi musu allurar aka sa alama a kunne. Shi kuwa Yaya Babba cewa ya yi dabara ce, so ake a ƙirga shanu a dawo da jangali, ya sa aka tura garken cikin daji da dare, har da na marayuna fa. Can suka haɗu da na wasu a mashaya. Abin da ya dawo bai kai kwata ba. Ni maraƙi ɗaya na rasa, shi ma sammore ne, cutar da tsando ke kawowa.

Mace ba ta riƙe garke. To wa ya riƙe? Ba na gori, mutumin ya rasu kuma na yafe masa haƙƙina, amma na 'ya'yana ba nawa ba ne balle in yafe. Shekaran jiya ma a wajen suna wata jikarsa ke ce min wai ai kakansu ne ya kafa ni, na kalle ta kawai na ci gaba da cin wainata.

Shekarar da ta biyo kuma ga fari, ga canjin kuɗin Buhari, na kai bijimi Wudil dillali na neman ya raina min wayo don ya ga mace. Wannan sai mako mai zuwa in sha Allah, har da yadda Yaya Babba ya aiko a ba shi aron shanun huɗa.