Faifan Garmaho a Hunturun Detroit

Na sauka a Detroit, birni mafi girma a jihar Michigan ta Amurka, a ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da rana take faɗuwa tun ƙarfe biyar, sanyi kuma yana ratsa ƙashi ta yadda hunturun Zariya ya zama abin wasa a idona. Na kama hayar ɗaki kusa da Hamtramck, wani ƙaramin gari da Detroit ta kewaye, saboda a can ana jin kiran salla a lasifika, naman halal kuma ba ya wuyar samu. Wannan ya kwantar mini da hankali wajen ibada da abinci, amma bai raba ni da kaɗaici ba, domin mutanen nan suna gaisuwa ne a tsaye, ba mai tambayar ka gida ko gajiya.

Mai gidan da nake haya wani dattijo ne baƙar fata wanda ya yi ritaya daga masana'antar ƙera motoci. Baba nake kiran sa, da farko ya yi mamaki, daga baya ya saba. Kowace Asabar da yamma sai in ji kiɗa yana tasowa daga ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, har wata rana ya tsare ni a matakala ya ce, "Ɗana, sauko ka ji abin da garin nan ya taɓa yi." Na tarar da akwatuna cike da ƙananan faya-fayan garmaho masu faɗin inci 7, waɗanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya, kowane gefe waƙa guda ce tak da ba ta cika wuce minti uku ba. Irinsu na taɓa gani a ƙarƙashin gadon kawuna, sun yi ƙura, ba wanda ya damu da su.

Abin da ya fara koya mini shi ne yadda ake saurare. Ya ɗora faifan Marvin Gaye na 1968, "I Heard It Through the Grapevine", ya ce in bar muryar tukuna, in kasa kunne ga ganguna da jita mai kaurin amo da ke ƙasa. Da na bi shawararsa sai na ji ashe su ne ke riƙe da waƙar baki ɗaya, kamar yadda 'yan amshi da makaɗa ke tallafe mawaƙi a wurinmu ba tare da kowa ya san sunansu ba. Makaɗan Motown, kamfanin faya-fayan waƙa na Detroit da ya fitar da wannan faifai, ma haka suka yi shekaru, ana sayar da aikinsu a duniya amma ba a rubuta sunayensu a jikin faifai. Baba yakan yi dariya idan ya tuna cewa Berry Gordy, mai kamfanin, ya daɗe yana ƙin sakin wannan waƙa, sai ga ta ta shafe mako bakwai a sahun farko a Amurka.

Wata Lahadi na je na ga gidan da Motown ya fara aiki a titin West Grand Boulevard, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Ƙanƙantarsa ta ba ni mamaki ƙwarai. Gordy ya kafa kamfanin a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, kuma da yake ya taɓa aiki a masana'antar motoci, sai ya tsara waƙa kamar yadda ake harhaɗa mota: wani ya rubuta, wani ya kaɗa, wani ya rera, ranar Juma'a kuma a zauna a tantance wadda ta cancanci fita kasuwa. Baba yana alfahari da wannan tsari, ko da yake har yau bai yafe wa kamfanin ƙaurar da ya yi zuwa Los Angeles a 1972 ba.

Ni kuwa, duk da gishirin Detroit da nake ci, zuciyata ta fi karkata ga kiɗan kamfanin Stax na birnin Memphis da ke Kudancin Amurka, wanda ba a goge shi sosai ba, ana jin numfashin mawaƙi da kaushin ƙaho a cikinsa. Mun sha yin gardama a kan haka. Idan na kawo Aretha Franklin a matsayin hujja, tunda a Memphis aka haife ta, sai ya ce ai a cocin mahaifinta na Detroit ta koyi waƙa, don haka tasu ce.

A cikin irin wannan gardama ne ya gaya mini cewa shi ma ba ɗan asalin garin ba ne. Iyayensa sun taso daga Alabama yana ƙaramin yaro, cikin ayarin baƙaƙen fata da suka tsere wa wariyar launin fata da noman auduga a Kudu suka nufo masana'antun Arewa. Iyayen Gordy ma daga Georgia suka zo. Yana saurayi aka yi tarzomar Yulin 1967 da ta ci rayuka 43, kuma ya ce a makon nan da ake ƙone-ƙone rediyo bai daina sa waƙoƙin soyayya ba. Daga ranar na fara jin waɗannan faya-fayai a matsayin waƙoƙin 'yan ci-rani da 'ya'yansu, mutanen da suka san zafin barin gida tun kafin a haife ni.

Faifan da na fi roƙon a maimaita mini shi ne na Otis Redding, "(Sittin' On) The Dock of the Bay", wanda ya fito a Janairun 1968, wata guda bayan mawaƙin ya rasu a hatsarin jirgin sama yana da shekara 26. Labarin mutum ne da ya baro Georgia ya je bakin teku a California, yana zaune yana kallon jiragen ruwa, bai samu abin da ya fito nema ba, bai kuma koma gida ba. A ƙarshen waƙar babu kalmomi, fito kawai yake yi da baki.

Da bazara ta shigo, Baba ya ciro wannan faifai daga akwati ya miƙa mini cikin tsohuwar rigarsa ta takarda. Na ce masa ba ni da garmaho, ya ce ya sani, ƙofar ɗakin ƙasa ai ba a kulle ta.