Wata tara a Sarasota kafin na taka gidan Ringling

Wata tara na yi a Sarasota, a jihar Florida, ban san komai na garin ba sai hanyar wurin aiki da kantin da nake sayen shinkafa da man girki. Aikina kula da tsofaffi ne, daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. In na dawo na sallami yara makaranta, sai barci. 'Yan gida kan tambaye ni a waya, "Yaya Amurka?" in ce lafiya lau, alhali Amurkar da na sani ba ta wuce abin da nake hangowa ta tagar bas ba.

Wata tsohuwa da nake kula da ita ce ta tura ni. Ta haura tamanin, kuma ba ta cika barci da dare ba. Ta ce mahaifinta daga Italiya ya zo, ɗan wasan tafiya a kan igiya ne a ayarin masu yawo gari gari da dabbobi da tantuna, abin da a nan ake kira sakas. "Ki je gidan Ringling," in ji ta, "ki ga abin da ya sa aka haife ni a garin nan." Ta ƙara da cewa ranar Litinin kyauta ake shiga ɓangaren zane-zane. Wannan maganar ce ta ƙarfafa mini gwiwa, don a lokacin ko dala ɗaya sai na yi mata lissafi.

Da aka yi hutun makaranta muka je da maigida da yara biyu. Fili ne mai eka 66 a bakin ruwa. Abin da ya fara tsayar da ni itatuwa ne, manya-manya dangin ceɗiya, saiwoyinsu na saukowa daga rassa su kafe a ƙasa har su zama wasu kututture. A inuwar ɗaya daga cikinsu muka yi Azahar, ba wanda ya ɗaga kai ya dube mu.

Mai gidan, John Ringling, ɗan baƙo ne. Mahaifinsa Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, sana'arsa ɗinkin kayan doki, wato baduku. John da 'yan'uwansa huɗu suka fara wasansu na sakas a garin Baraboo na jihar Wisconsin a 1884, a 1907 suka saye babban abokin gasarsu, Barnum & Bailey. Shi da matarsa Mable suka gina fadar da ke bakin ruwan tsakanin 1924 da 1926, ɗaki 56, a kan fasalin gidajen birnin Venice, suka sa mata suna Ca' d'Zan, wato gidan John. Ba mu shiga ciki ba, kuɗin bai kai ba. Mun dai tsaya a dandamalin marmara da ke bayanta, iska na kaɗowa daga ruwa. Mable shekara uku kacal ta yi a gidan ta rasu a 1929. A shekarar ce kuma kasuwar hannun jari ta rushe, bashi ya yi wa John katutu. Da ya rasu a 1936 ya bar wa jihar Florida gidan da zane-zanen da ya tara.

Ɓangaren zane-zanen mun ratsa shi da ɗan sauri. Akwai ayyukan wani shahararren mai zane, Rubens, da tsayinsu ya kusa kai rufi, na daɗe ina kallon yadda aka zana ninkin tufafi kamar ka taɓa. Amma a tsakar gidan akwai gunkin tagulla tsirara, kwafin aikin masassaƙin Italiya Michelangelo, sai kunya ta kama ni a gaban yara, na ja hannunsu muka bi ta wata hanya.

Gidan tarihin sakas kuwa sai da muka sayi tikiti, kuma ban yi nadama ba. Mun ga taragon jirgin ƙasa da John da Mable ke tafiya a ciki, da kekunan doki da aka sassaƙa aka shafe da ruwan zinare. Sannan muka shiga inda na kasa fita. Wani mutum, Howard Tibbals, ya shafe sama da shekara hamsin yana ƙera ayarin sakas gaba ɗaya da 'yan ƙananan siffofi, fiye da guda dubu arba'in, kamar yadda yake tsakanin 1919 da 1938. Yara suka ruga wajen giwaye da zakuna. Ni idona a bayan tanti ya tsaya: masu sauke kaya daga jirgi, masu buga turaku da guduma, masu girki, masu wanke kwanuka, maƙeri a gefen dawaki. Da asuba suke isowa gari, su kafa tanti, a yi wasa, kafin tsakar dare sun kwashe komai sun ɗora a jirgi, gobe wani garin. Fitilun ɗakin kan dushe jefi-jefi kamar dare ya yi, sai ka ga 'yan fitilu sun kama a cikin tantunan.

Ƙaramar ta ja mini mayafi. "Umma, me ya sa kike kuka?"

Ban san hawaye na zuba ba. Masu wanke kwanukan nan na san su. Na san mai aiki yayin da gari ke barci, wanda ba a tafa masa, wanda ke ratsa gari bai san sunan titi ɗaya ba. Na tuna gardawa masu wasa da kura da ke zuwa unguwarmu a Kano muna yara, mu bi su da gudu, ba mu taɓa tambayar inda suke kwana ba, ko wa ke dafa musu abinci.

A 1927 John ya mayar da Sarasota wurin da ayarin ke hutawa a lokacin sanyi. 'Yan wasa da ma'aikata daga ƙasashe da yawa suka riƙa sauka nan na 'yan watanni, kamar masu ci-rani. Wasu suka sayi fili, suka yi aure, suka haihu, ba su koma ba. Ashe cikin tsofaffin da nake gani a bas akwai 'ya'yansu.

A hanyar komawa na sa maigida ya bi ta tsakiyar gari, ina karanta sunayen tituna a bayyane, yara na gyara mini lafazi.

Daren Talata na koma aiki. Tsohuwar na zaune a kan gado tana jirana. Ta tambaye ni ko na ga tantin cin abinci, na ce na gani. Ta ce a irinsa iyayenta suka haɗu. Sai ta ce ko a ƙasarmu akwai masu irin wannan wasan. Na jawo kujera na ba ta labarin gardawa, da warkinsu da layunsu da kurar da suke ja da sarƙa, tana ta tambaya, har barci ya ɗauke ta wajen ƙarfe biyu.