Gigin tsufa ba ya sauka cikin mako uku

Takardar da aka turo dattijon da ita layi biyu ce kacal: shekara saba'in da 'yan kai, hawan jini, cutar mantuwa. Wannan ta ƙarshen ita ta bi shi tun daga ɗakin gaggawa har gadonsa, duk wanda ya zo zagaye sai ya kwafe ta daga shafin jiya zuwa na yau. Har yanzu abin yana ci mini rai, don tambaya ɗaya ce ta kwance ƙullin, kuma ba ta cin ko sisi: yaushe rabon da a gan shi da cikakken hankalinsa?

Ɗan da ya kawo shi mazaunin birni ne. "Likita, ai Baba ya manyanta, gigin tsufa ne." Sai da aka kira uwargidan, wadda ke kai masa ruwan alwala, na ce, "Mama, kafin wannan ciwo wa yake jan salla a masallacin ƙofar gida?" Ta ce shi ne, kuma shi ke lissafin kuɗin hatsinsa da kansa. Mako uku da suka wuce ya fara rikita raka'o'i, sai yawan barci, sai jan ƙafar dama. Ya faɗi? A'a. Ya buga kai? Ta yi shiru, sannan ta tuna ya taɓa gwara kansa da dokin ƙofa wajen wata ɗaya da rabi baya, ko jini bai fita ba. Kuma kullum yana shan asfirin mai miligiram 75.

Cutar Alzheimer, wato gigin tsufan da aka fi sani, tana cin mutum ne a hankali, shekara da shekaru. Abin da ya zo cikin makonni, yau da sauƙi gobe ya rikice, ga barci ga rauni a ɓari ɗaya, wani abu ne daban har sai an tabbatar ba shi ba ne. Na sa ya miƙe hannuwa biyu, tafi a sama, ya rufe ido. Kafin a ƙirga goma hannun dama ya fara kifewa yana sauka. Hoton CT, wanda ke nuna cikin kai, ya bayyana tsohon jini kwance a ɓarin hagu tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ke lulluɓe ta, ya ture ta gefe.

Ga yadda yake faruwa. Ƙwaƙwalwar tsoho tana ɗan tsukewa, ƙananan jijiyoyin jinin da suka tsallaka daga gare ta zuwa lulluɓinta sai su miƙe kamar igiyar shanya. Bugu kaɗan ya isa ya tsinka ɗaya, jini ya riƙa ɗiga a hankali, asfirin kuma ya hana shi tsayawa. Da yawa cikin masu wannan ciwo ba sa ma tuna bugun. A kula kuma: jinin da ya yi mako ɗaya zuwa uku launinsa a hoton yana iya sajewa da na ƙwaƙwalwa, idan kuwa ɓari biyu ne layin da ya raba ƙwaƙwalwa biyu ba zai karkata ba, mai gaggawa sai ya ce lafiya lau.

Kwanakin da ya yi da waccan kalma ta mantuwa a fayil ba banza suka wuce ba. Da ya tayar da hankali da dare an yi masa allurar diyazifam mai sa barci, wadda ta ƙara nutsar da shi ta kuma ɓoye alamar da ya kamata a gani. Har an fara maganar ɗebo ruwan ƙashin baya, abin da da an yi shi da wannan jini a kai, da wata maganar ake yi yanzu. Asfirin kuma ba wanda ya dakatar.

Tsarin da nake bi ga duk babban da aka ce ya ruɗe ba shi da tsawo. Da farko a raba ruɗewar farat ɗaya da mantuwa ta gaskiya: a ce ya lissafo kwanakin mako daga Lahadi ya yi baya, wanda ya kasa riƙe hankalinsa a kan wannan a nemi ciwon jiki. A zazzage jakar magani a kan gado, har da na kemis: Piriton, Artane, amitiriftilin da tiramadol duk suna rikita tsoho, Moduretic na hawan jini kuma yana iya zubar da sodiyam, wato gishirin jini, idan ya sauka ƙasa da 125 ruɗewa ba abin mamaki ba ce. Sai a gwada suga, aikin ƙoda da hanta, kalsiyam, TSH (gwajin aikin ƙullin maƙogwaro), ƙanjamau da tunjere. Mai ciwon suga da ya daɗe a kan metfomin a auna masa bitamin B12. Ƙasa da 200 tare da dindiris a ƙafa, allura ce, ba jira. Tunjere idan ya hau ƙwaƙwalwa maganinsa fenisilin ta jijiya kwana 10 zuwa 14.

Gwajin tunani na MMSE mai maki 30, wanda aka fitar a 1975, kada a yanke wa wanda bai yi boko ba hukunci da shi. Malamin da ya haddace Alƙur'ani zai iya faɗuwa wajen zane da fensir. Gwajin tsinken ashana huɗu da masu bincike a Ibadan suka tsara ya fi adalci: ka jera siffa, ya kwaikwaya. Ko shi ma ba a yin sa ga wanda ke cikin zazzaɓi ko magagin allura.

Akwai kuma wanda zai zo da tafiya kamar an manne ƙafarsa da ƙasa, ga sakin fitsari, mantuwa ta biyo baya. Wannan taruwar ruwa ce a kogon ƙwaƙwalwa, wadda likita Salomon Hakim ya bayyana a 1965. Bayan hoto, a auna saurin tafiyarsa a mita 10, a ɗebe mililita 30 zuwa 50 na ruwan baya, a sake aunawa.

Dattijonmu an huda masa ƙoƙon kai, aka wanke jinin, aka bar siririn bututu kwana biyu. Bututun nan ba ado ba ne: binciken da aka yi a Kambirij ta Ingila a 2009 ya nuna ya rage dawowar jinin daga kashi 24 cikin 100 zuwa kimanin 9. Kafin a sallame shi ya gane kowa, har yana tambayar wa aka bar wa makullin rumbu. Mun gaya wa iyalin cewa ciwon kai, barci ko jan ƙafa idan suka dawo a kawo shi a ranar, asfirin kuma kada a ci gaba da shi sai likitan tiyata ya ce. Waccan kalma na soke ta a fayil da hannuna, na rubuta a sake gwada tunaninsa bayan wata uku.